Me ya sa mutane ke komawa tsofaffin gem alhali ga sababbi?

Tambaya: Malam, ina ganin mutum da PlayStation 5 a ɗakinsa amma yana neman tsohuwar Nintendo ko Sega ta shekarun 1980 da 1990, har yana cewa ta fi daɗi. Hotonta ɗigo-ɗigo, sautinta kamar kukan gyare. Kewar ƙuruciya ce kawai, ko akwai abin da tsofaffin suke da shi wanda sababbin suka rasa? In kuma mutum yana so ya gwada, me zai kiyaye?

Amsa: Ɗan'uwa, kewa tana ciki, wannan ba a musu. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya gani tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa shi ya fi zama daram a ƙwaƙwalwa. Wanda ya buga Sonic yana ɗan firamare, in ya ji kiɗan matakin farko, ɗakin da ya zauna da abokan da ya zauna da su yake tunawa. Sai dai kewa ba za ta bayyana maka dalilin da ya sa gwanayen gem ɗin Tetris da ya fito a 1989 a kan NES, tsohuwar na'urar Nintendo, yawancinsu a yau matasa ne da aka haifa bayan shekarar 2000 ba. A Disambar 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a Amurka ya buga ta har mataki na 157, inda gem ɗin ya daskare don lissafin ya fi ƙarfin na'urar. Wannan yaron ba shi da wata 1989 da zai yi kewa. Akwai wani abu a cikin gem ɗin kansa.

Abin ya samo asali ne daga talaucin na'urorin. Atari 2600 ta 1977 ma'ajiyar aikinta bait 128 ce kacal. Famicom, wadda Nintendo ta fitar a Jafan a 1983 kuma ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES, tana da kilobait 2, ƙwaƙwalwarta na gudu a kan megahaz 1.79, hotonta ɗigo 256 a kwance da 240 a tsaye. Super Mario Bros. gaba ɗayansa, da matakansa 32 da kiɗansa da zanensa, kilobait 40 ne, wato hoto guda da ka ɗauka da waya ya ninka shi sau da yawa. Shi ya sa in ka duba da kyau za ka ga gajimaren sama da ciyawar ƙasa a gem ɗin zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. NES ba ta iya nuna abubuwa masu motsi fiye da 8 a layi ɗaya na allo, in sun wuce haka sai ka ga suna ƙyaftawa, don mai shirya gem ɗin yana nuna su bi da bi ne.

Wanda ke aiki a cikin irin wannan ƙunci ba shi da inda zai ɓoye. Ba fim ɗin minti goma a farko, ba muryar ɗan wasa, ba faffaɗan gari da za a yi ta yawo a cikinsa. In tsallen bai yi daɗi a hannu ba, gem ɗin ya mutu. Saboda haka duk ƙoƙarin ya tafi kan abin da yatsa ke yi: nisan tsallen Mario ya danganta da gudun da ya ɗauko, tsayinsa ya danganta da daɗewar da ka yi kana danne da maɓallin A, in ya dira kuma yana ɗan zamewa kafin ya tsaya. Maɓalli biyu da alamar hanya huɗu, amma mutum zai shekara yana ƙara gwanancewa, har ta kai masu tseren kammala shi suna gamawa a ƙasa da minti 5. Matakin farko ma darasi ne ba tare da rubutu ba. An ajiye ka a hagun allo, dama a buɗe, sai ka nufi dama. Maƙiyi ɗaya ya taho a hankali, ko ka tsallake shi ko ka mutu ka gane. Naman kazar da ya fito daga akwati yana tafiya ya bugi bututu ya dawo kanka a inda da wuya ka kauce masa, ya taɓa ka, ka girma, ka fahimci cewa wannan aboki ne. Cikin rabin minti ka san dokokin duniyar. Gem da yawa na yanzu sai sun riƙe hannunka na awa guda da kibiyoyi da rubuce-rubuce kafin su sake ka.

Haka kiɗan. NES tana da hanyoyin sauti 5 ne kawai: biyu na amo mai kaifi, ɗaya na amo mai kauri, ɗaya na shuuu da ake yin ganga da fashewa da shi, ɗaya na guntun sautin da aka naɗa. Da kayan nan ba a iya cika kunne da ado, dole mawaƙin ya samo karin da za a iya yi da fito. Abin da ake iya yi da fito kuwa shi ke liƙewa a kai shekara talatin.

Amma a ganina babban sirrin, wanda masu son tsofaffin gem ke ji a jikinsu ba tare da sun iya faɗinsa ba, shi ne saurin amsawa. Waɗannan na'urori suna zana hoto 60 a sakan guda, kowane hoto milisakan 16.7. A kowane hoto na'urar tana duba abin da ka danna ta waya, ta yi lissafi, ta tura sigina, ita kuma tsohuwar talabijin mai ƙeya, wato CRT, ba ta ajiye komai: layi na isowa take haska shi. Tsakanin yatsanka da motsin da ke allo hoto ɗaya ne ko biyu ko uku. A gem na zamani saƙon yana bi ta fad marar waya, wato abin riƙon da ake dannawa, ya shiga injin gem ɗin da ke shirya hotuna a jere, ya fita zuwa talabijin da ke gyara launi da santsin motsi kafin ta nuna. In gem ɗin hoto 30 yake yi a sakan, kowanne milisakan 33 ke nan, kuma jimillar jinkirin na iya haura milisakan 100. Ƙari a kan haka, a gem masu kama da fim sau da yawa sai ɗan wasan ya kammala motsin da ya fara, ya juya kafaɗa ya ɗaga ƙafa kamar mutum na gaske, kafin ya bi umarninka na gaba. Yana da kyau a ido, amma hannu yana jin nauyin. A tsohon gem in ka faɗa rami ka san kai ka yi kuskure, shi ya sa kake cewa bari in sake sau ɗaya, sai ka ga dare ya raba.

Sai batun mallaka. Kaset ɗin gem na 1990 abin da ke cikinsa shi ke nan, an gama shi kafin a sayar don babu hanyar gyara bayan ya fita. Ka soka, ka kunna, cikin sakan biyar kana wasa. Manyan gem na yanzu akwai masu haura gigabait 100, ga sabuntawa tun ranar farko, ga buɗe asusu, ga shago a cikin gem ɗin yana tallar kaya. Akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi ba tare da an san abin da ke ciki ba sun kai ga hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauke su a matsayin caca a 2018. Wasu gem ɗin kuma ransu a hannun sabar kamfani yake, wato kwamfutar da gem ɗin ke haɗuwa da ita ta intanet: da Ubisoft ta kashe sabar The Crew a ƙarshen Maris 2024, har wanda ya sayi faifansa bai ƙara iya bugawa ba. Nintendo ta rufe saye a shagunan intanet na 3DS da Wii U a Maris 2023. Wani bincike na gidauniyar Video Game History Foundation a 2023 ya gano kusan kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a kasuwa a lokacin. Wanda ya ga haka, in ya riƙe kaset mai shekara 35 da har yau yake tashi, dole ya ji yana da abu a hannu. Ga kuma wasan mutum biyu a kan kujera ɗaya da allo ɗaya, wanda a da shi ne ƙa'ida, yanzu kuwa sai an nema.

Kada dai a yi maka daɗin baki cewa duk tsohon gem zinari ne. NES kaɗai ta samu gem fiye da 600 masu lasisi a Amurka, waɗanda ake yabo har yau ba su wuce 'yan gomomi ba, sauran an manta da su don sun cancanci mantuwa. Ambaliyar gem marasa kyau tana cikin abin da ya durƙusar da kasuwar Amurka a 1983, har Atari ta binne kaset masu yawa a juji a Alamogordo ta jihar New Mexico, aka tono su a 2014. Muna gwada zaɓaɓɓun shekara ashirin ne da duk abin da ya fito bana, wannan kuwa ba adalci ba ne. Wahalar da ake yi wa kirari ma ba kullum gwaninta ba ce. Injinan da ake jefa wa tsaba a shagunan wasa an tsara su ne su kashe ka cikin 'yan mintuna don ka sake jefawa, na gida kuma an tsananta su don kada gem mai tsawon awa ɗaya ya ƙare a wuni guda. Ta fuskar ajiye ci gaba, da sauƙaƙa wa masu larurar gani ko ta hannu, da zurfin labari, na yanzu sun yi nisa ƙwarai. Kuma salon bai mutu ba: Shovel Knight ta 2014 da Celeste ta 2018 sababbi ne da aka gina a kan tsohuwar ƙa'ida, suka kuma karɓu. Wannan ya nuna tsarin ake so, shekarar fitowa ba ita ce ma'auni ba.

Yanzu ga inda yawancin masu gwadawa ke yin tuntuɓe. Mutum ya samo tsohuwar na'ura, ya jona ta da talabijin ta bango ta wayar nan mai kai rawaya da fari da ja, sai ya ga hoto ya dagule, tsalle ba ya zuwa a kan lokaci, ya yanke hukunci cewa ashe ƙuruciya ce ta ruɗe shi. Laifin na talabijin ne. Na'urorin nan suna fitar da sigina mai layi 240 da ake kira 240p. Yawancin talabijin na zamani, da ƙananan akwatunan da ke mayar da wayar rawaya zuwa HDMI, suna ɗaukarta a matsayin 480i, wato sigina mai layi 480 da ke zuwa rabi-rabi, sai su riƙe hotuna biyu su saƙa su wuri ɗaya. Wannan yana ƙara jinkiri, yana kuma ɓata ƙyaftawar da aka yi da gangan. Gwajin mai sauƙi ne: bari maƙiyi ya taɓa ka. In maimakon ɗan wasanka ya riƙa ƙyaftawa sai ya ɓace ɗungurungum ko ya koma zane-zanen layi kamar matsefi, to talabijin ɗin ba ta fahimci siginar ba.

Maganin da ya fi kowanne shi ne CRT, ko da ƙarama ce mai inci 14. Masu zanen wancan lokaci da ita suka yi aiki, sun kuma yi amfani da yadda take narkar da ɗigo cikin ɗigo. Ruwan da ke zubowa daga dutse a Sonic ta 1991 layuka ne a tsaye, ɗaya da launi ɗaya babu. Ta wayar rawaya a CRT sai su haɗe su zama ruwa garai-garai da ake hango bayansa, a allon zamani kuwa sanduna kawai za ka gani. Bindigar Duck Hunt, gem ɗin harbin agwagwa na NES, ma sai da CRT: in ka ja kunama allon yana yin baƙi na hoto ɗaya, sannan farin akwati ya bayyana a kan agwagwar a hoto na gaba, idon da ke cikin bindigar ya duba ko ya ga haske a daidai wannan lokaci. Jinkirin hoto ɗaya ya isa ya rushe lissafin. Gargaɗi ɗaya a nan, kuma da gaske nake: kada ka buɗe bayan CRT. Babbar mai launi tana aiki da wajen bolt 25,000, kuma kwalbar tana riƙe caji bayan an zare ta daga wuta. Gyaranta aikin mai gyaran talabijin ne.

In babu CRT, a nemi na'urar ɗaga hoto da aka yi musamman don gem, irin OSSC ko RetroTINK, waɗanda suka san 240p. Sannan a saitin talabijin a kunna yanayin gem, a kashe duk wani gyaran motsi da rage dusar hoto, a mayar da siffar allo 4:3 don kada kowa ya zama gajere mai faɗi. Ninkin layukan ya zama cikakken adadi: 240 sau 3 ya ba da 720 cif, sau 9 ya ba da 2160 na allon 4K cif. A allon 1080 kuwa sau 4 ya ba da 960, sai ka bar baƙin layi 60 sama da 60 ƙasa. In ka tilasta shi ya cika allon da ninki 4.5, wasu layukan za su fi wasu kauri, hoton ya riƙa rawa duk lokacin da allo ya gungura sama ko ƙasa.

Kafin ka saya, duba yankin da aka yi wa na'urar. Ta Jafan da ta Amurka NTSC ce mai hoto 60, ta Turai PAL ce mai hoto 50. Gem da yawa ba a gyara su ba da aka kai su Turai, don haka suna gudu da ragin kusan kashi 17 cikin 100, ga baƙin gefe sama da ƙasa. Sonic ta farko a Mega Drive, na'urar Sega, samfurin PAL, har kiɗanta jan ƙafa yake yi. Adafta kuma ita ke kashe na'urori fiye da tsufa. Ta Jafan bolt 100 take so, ta Amurka 120, in ka soka ɗayarsu a wutar 230 ba tare da taransifomar rage wuta ba za ta ƙone nan take. Adaftar NES wutar AC take fitarwa, kanta kuma yana shiga ramin Famicom da na Mega Drive samfurin farko, alhali su DC suke so mai nagatif a tsakiya. Shigar kai ba shaida ba ce. Karanta bolt da amfiya da zanen fositif da nagatif da ke jikin na'urar, ka gwada da na adaftar kafin ka jona.

In ka kunna NES ka ga jar fitila tana ƙyaftawa kusan sau ɗaya a sakan, allo yana walƙiya, ba lalacewa ta yi ba. Akwai guntun tsaro mai suna 10NES da ke gaisawa da ɗan'uwansa na cikin kaset, in bai ji amsa ba sai ya yi ta sake tayar da na'urar. Datti ne a haƙoran kaset, ko kuma bakin nan mai fil 72 ya saki saboda yawan danna kaset ƙasa. Hura iska da baki da kowa ya saba yi ba ya gyara komai. Cirewa da mayarwar ce ke sa haƙoran su kama, danshin numfashi kuwa tsatsa yake haifarwa a hankali. Jiƙa auduga mai tsinke da sifirit ɗin isopropyl mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, ka goga haƙoran gaba da baya, ka sauya auduga har sai ta daina fitowa baƙa, ka bar shi ya bushe minti biyar. Kada ka sa sanfefa, zai cinye siririn rufin da ke kare tagullar. Buɗe yawancin kaset ɗin Nintendo yana buƙatar sukundireba ta musamman mai milimita 3.8, jikin Super Nintendo da Nintendo 64 kuma mai 4.5.

Gem masu ajiye ci gaba, irin Zelda ta NES, suna riƙe shi ne da ƙaramin batir mai bolt 3 a cikin kaset: CR2032 a na NES da Super Nintendo da Mega Drive, CR1616 ko CR2025 a na Game Boy. Da ya mutu, ajiyar ta tafi. Na Pokémon Gold da Silver sun fi saurin mutuwa don batirin yana kuma tafiyar da agogo dare da rana. Auna shi da mita. In ya sauka ƙasa da bolt 3 sosai, lokacin sauyi ya yi. Sayi batir mai kunnuwan ƙarfe da aka riga aka manna masa, ka narkar da dalmar tsohon, ka lura da gefen fositif kafin ka ɗaga shi, ka liƙa sabon. Kada ka ɗora ƙarfen dalma kai tsaye a jikin batir marar kunne, zafi na iya fasa shi. Ka sani kuma da zarar ka cire tsohon, abin da ke ajiye ya goge, sai in ka fara kwafe shi zuwa kwamfuta da na'urar karanta kaset.

Kafasito, wato ƙananan sassan da ke riƙe caji a allon lantarki, su ne ciwon da ba a gani daga waje. Game Gear ta Sega in sautinta ya yi ƙasa ko allon ya dushe, kusan kullum su ne suka tsiyaye, kuma ruwansu yana cin layukan allon lantarki, don haka a sauya su duka, a wanke wurin da isopropyl. Xbox ta farko ta 2001 tana da kafasito guda na agogo da ya yi ƙaurin suna wajen tsiyaya; a samfuran da suka gabaci 1.6 ana cire shi kawai na'urar ta ci gaba da aiki, sai dai ta riƙa tambayar kwanan wata in an zare ta daga wuta.

Wanda ba ya son wannan ɗawainiya yana da hanyar emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura. Ta halal ita ce tarin da kamfanonin suka fitar da kansu, kamar NES Classic ta 2016 mai gem 30, da Mega Drive Mini ta 2019 mai 42, da waɗanda ke cikin Nintendo Switch Online, don tsufan gem bai cire masa haƙƙin mallaka ba. A kwamfuta, yi amfani da fad mai waya. Manhajar emuleta mai suna RetroArch tana da saitin da ke lissafa hoto na gaba tun kafin lokacinsa don rage jinkiri. Fara da hoto 1, in ka ga motsi yana tsallake farkonsa to ka zarce abin da gem ɗin ke ɗauka, sai ka rage. Ita kuma damar ajiyewa a kowane lokaci, shawarata ka yi amfani da ita a farkon mataki kawai. In kana ajiyewa bayan kowane tsalle za ka kai ƙarshe cikin awa guda ba tare da hannunka ya koyi komai ba, alhali gem ɗin an gina shi ne a kan maimaita wuri ɗaya har ka iya shi. Fara da guda ɗaya, Super Mario Bros. 3 ko Sonic 2 ko Tetris, ka ba shi zama uku na rabin awa a kan saitin da aka gyara, kafin ka buɗe na biyu.